Daminar da Aka Cire wa Nomau Ƙashi

Bana ruwa ya yi mana nawa. Sai da aka yi ta fita roƙo a bayan gari kafin wata la'asar hadari ya taso daga gabas ya zubar da abin da ya isa shuka. Washegari da sassafe ina zaune a ƙofar ɗaki, mutane suna ta wucewa da sungumi a kafaɗa, sai ga Balki matar maƙwabcinmu ta shigo da waya a hannu. Ta ce in sa babanta a addu'a, za a yi mishi aiki a baya. Ta kunna wayar ta nuna mini hoton: ƙasusuwan baya a jere kamar an tsira su a tsinke, guda ɗaya a tsakiya ya yi baƙi ya lotse.

Na ce, "A ina za a yi?"

Ta ce, "Nan Yamai, Inna Hassi. Sun ce yanzu suna yi."

Na ce Allah ya sa a yi a sa'a. Da ta fita na kasa tashi daga inda nake. Na san wannan hoton. Na taɓa riƙe irinshi a hannuna, a kan wata baƙar leda mai kauri da ake ɗagawa sama a duba da hasken rana. Shekara ashirin ke nan da 'yan kai.

Maigidana, duk Dakoro da Nomau ta san shi. Ni dai ban taɓa kiranshi da wannan suna ba, Malam nake cewa. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa. In ya kama doguwar hauyar nan da ake noma da ita a tsaye, sai mutum biyu su yi ta binshi ba su cim mishi ba. Gonarmu ta gado tana kan hanyar Korahan. Da rani kuma yana aiki da amalanke, yana ɗaukar ruwa da tubali da kara. Garken gidan yana can Tagaris a hannun wani Bafillace da suka gada tun daga iyaye, a gida kuma ana bar mana saniya guda ta tatsa. Mu a gidan ba mu da yawa: Inna mahaifiyarshi, da ƙanenshi Ila wanda ya yi lakwal, makarantar boko, yana jin Faransanci, sai ni da yara uku, ƙaramar tana goye.

Ciwon ya fara ne tun kakar da ta gabaci waccan daminar. Ya ce bayanshi na yi mishi nauyi, muka ce ɗaukar damma ne. Sai zazzaɓi ya riƙa zo mishi kullum da yamma, ya yi ta gumi har tabarma ta jiƙe. Ya daina cinye tuwonshi. Wanzami ya zo ya yi mishi ƙaho, aka yi sakiya, aka sha saiwoyi iri-iri, ba abin da ya ragu sai naman jikinshi. Wata rana ina zuba mishi ruwa yana wanke baya, hannuna ya taɓa wani tudu a tsakiyar gadon bayan, mai tsini, kamar gwiwar yatsa. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce in bari, ba komai.

Bazarar shekarar nan ta yi zafin da har yau ban ga irinshi ba. Kafin hantsi ƙasa ta riga ta hana tafiya ba takalmi. Ruwan randa kan yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta. Kaji su buɗe baki su lafe ƙarƙashin rumbu. A cikin wannan zafin ne ya dawo daga masallaci da takalmi a ƙafa ɗaya. Ɗayan ya zame a hanya bai ji ba, ya tako rairayi mai ƙuna har gida, tafin ƙafar ya tashi, shi kuwa bai sani ba sai da na nuna mishi. Ranar ce Ila ya ce maganin gida ya ƙare.

Likitan Dakoro ya tura su Maraɗi, shi da Ila. A Maraɗi aka ɗauki hoto aka tura su Yamai. Suka jima can, suka dawo da ledar magunguna da wancan baƙin hoto. Malam ya sauko daga mota yana dogara sanda, yana jan ƙafar hagu.

Bayan la'asar Ila ya tara mu a tsakar gida, ya ɗaga hoton sama ya nuna da yatsa.

"Tarin fuka ne," in ji shi, "amma bai tsaya a ƙirji ba, ya shiga ƙashi. Kun ga wannan? Ya rube, ya murƙushe, shina danne lakar da ke bi ta cikin baya. Ita ce ke kai ƙarfi ga ƙafafu. Magani zai kashe cutar, amma ba zai ɗaga ƙashin ba. Sai an buɗe an cire shi ɗungurungum, a sa ƙarfe a gurbinshi."

Inna tana zaune can gefe tana tsinke yakuwa. Ba ta ɗago ba ta ce, "In an cire wa mutum ƙashin baya, da mi zai tsaya?"

"Da ƙarfen, Inna."

"Su na Yamai mi ya hana su yi?"

"Likitan ya ce ba shi da kayan aikin. Ya ce Tunusiya ake yi. Ya ce kuma kada a jima, don kullum ƙashin ƙara dannewa yake."

Ban taɓa jin sunan ƙasar ba sai ranar. Na tambayi Ila ko gaba da Agadas take. Ya ce gaba da Sahara gaba ɗaya, bakin teku, sai da jirgin sama.

Malam ya ce ba inda za shi. Ya ce ya san abin da tafiyar za ta ci, kuma ba zai tsiyata gida saboda bayan mutum ɗaya ba. Ya juya ya dubi Ila ya ce, "Kai da za ka yi aure da kaka, da mi za ka yi shi?"

Ila ya ce, "Yaya, auren ba gudu zai yi ba."

Suka yi ta ja har rana ta kusa faɗuwa. Inna ce ta yanke maganar. Ta aje faifan yakuwar ta ce, "Shanun nan ubanku ya bari, ni kuma ina da rai. A aika Tagaris a koro su." Ta tashi ta shige ɗaki.

Aka koro su a mafi munin lokaci. Ƙarshen rani ne, ba ciyawa, ana iya ƙirga haƙarƙarin kowace. Bafillacen da ya rako su ya tsaya bakin kasuwa ya ƙi shiga, ya juya baya har aka gama ciniki. Shanun amalanke suka bi, amalanken ma ya bi. Dangi suka kawo abin da suke iyawa, masallacin unguwa ya taimaka, 'yan uwa da ke biɗar kuɗi a Najeriya suka aiko. Duk da haka sai da aka kwance saniyar tatsa. Ranar da aka fita da ita, babbar ɗiyata ta bi ta har bakin titi tana kuka.

Ila ya yi ta zirga-zirga a kan faspo da takardun tafiya. Ranar da ya dawo da su, a ranar ruwan farko ya sauka. Ya shigo a jiƙe ya ce, "Yaya, gobe sai mu kama hanyar Yamai."

Malam yana zaune bakin ƙofa yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Ya ce, "Sai an yi shuka."

"Likita ya ce kada a jima."

"Na ji abin da ya ce. Ni da kai za mu tafi, mu bar tsohuwa da mai goyo da gona ba iri a ƙasa? In na warke in dawo in ci mi? Kwana nawa ne shukar?"

Ba wanda ya iya juya shi. Muka ari jaki aka ɗora shi, muka fita gona. Ila yana gaba yana sara da sungumi, ni ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige, yarinya a bayana. Malam ya ƙi zama. Ya ɗauki ƙwaryar iri a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, yana bin layinshi a hankali. Ƙasa ta yi sanyi, tana ƙanshi, gari ya yi luf. In ka hango mu daga nesa sai ka ce lafiya lau muke.

Muka gama, shuka ta fito kore shar. Suna shirin tafiya sai wata iska ta taso gaban hadari, ja wur, ta kwashi rairayi ta yi ta zubawa, ruwan da ya biyo ta kuma bai taka kara ya karya ba. Da safe muka je muka tarar gefen gabas na gonar ya koma fili, rairayi ya binne shukar, abin da ya rage iska ta ƙone mishi kai. Malam ya ce sai an maimaita. Ila ya yi fushi har ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi wa yayanshi ba. Aka jira wani ruwan. Aka jira.

Ranar da ruwan ya samu muka koma maimai. Rana ta ɗan ɗaga, ina gaba kaɗan, sai na ji ƙarar ƙwarya a ƙasa. Na waiga na ga iri ya watse, Malam yana zaune a kan rairayi, ƙafafunshi a lanƙwashe ta wata irin hanya da mai jin ƙafa ba zai bar su ba. Bai yi ihu ba. Ya dafa ƙasa ya yunƙura, ya sake yunƙurawa. Sannan ya ce, "Hassiya, kira mini Ila."

A kwance aka fita da shi daga Dakoro, a kan katifa a bayan mota. Inna ba ta fito rakiya ba. Tana cikin ɗaki tana jan tasbaha, na ji ta tana cewa Allah ya kai, Allah ya maido.

Daga nan daminar ta zama tawa.

Nakan tashi da kiran salla in tafi rijiya tun layi bai yi tsawo ba. In dawo in surfa ɗan abin da za a surfa, in daka, in dama, in bar wa Inna da yara nasu, in zuba nawa a gora. Kafin rana ta yi zafi ina gona. Hauyar Malam ta fi ƙarfina, sai da maƙeri ya rage mata ƙota. Ina turawa ina ja, yarinya tana kwance a inuwar wata bagaruwa, ƙarangiya tana cin ƙafafuna. Hannuwana suka yi ƙanta suka fashe suka sake yi. Da azahar in zauna in ba ta nono, in sha furar da ba nono a cikinta, ruwan tsamiya ne kawai da ɗan gari yana yawo. Da la'asar in tsinko tafasa da yaɗiya a hanya, in ɗauko icce, in dawo.

Shuka sau biyu ta cinye hatsin da muke lissafin zai kai mu kaka. Tun ana cikin noman farko na shiga rumbu na ji ƙafata ta taɓa daɓe. Shekarar ba mu kaɗai ba ce, kakar da ta wuce ba ta yi kyau ba ko'ina, hatsi ya yi wuya a kasuwa. Muka koma garin rogo da ganye. Da shi ma ya fara gagara, Inna ta ce in bi matan unguwa mu je ɗibar anza, 'ya'yan wani icce na daji masu ɗaci. Ita ta koya mini yadda ake yi: a ɓare, a tafasa, a jiƙa, a yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya ragu. Ba ya fita duka. Yara su ci suna yamutsa fuska, in sun gama su sha ruwa su kwanta shiru. Shirun nan ya fi kukansu tayar mini da hankali.

Sai kuma ruwa ya ɗauke. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ganyen ya naɗe kamar an murza shi. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, a ji sanyin iskarshi, sai ya zame ya yi kudu. Mutane su tsaya a ƙofar gida suna binshi da ido.

Ciyawa ita ba ta jira ruwa ba. Ta fi ƙarfina, na ga gonar za ta tafi. Kawu Mamman, ƙanen Inna, ya ce zai kira gayya. Na ce, "Kawu, da mi zan ciyar da su?" Ya ce in dai kawo ruwan sha. Ranar gayyar maza suka zo, kowa da hauyarshi da ɗan goranshi, wasu goran ma ruwa ne zalla. Ba makaɗi, ba waƙa, ba wasan da aka saba. Suka jera suka yi ta turawa har azahar, sannan suka saɓa hauyoyi suka nufi nasu gonakin da ke jiransu. Sun nome mini rabi. Ɗayan rabin na bar wa ciyawa, ban sake waiwayarshi ba.

Labarin matafiya kuwa sai ta telesantar, shagon waya da ke kusa da tasha. A lokacin ba kowa ke da waya a hannu ba. Ila kan kira ya ce a gaya mini ranar da zai sake kira, in je in zauna a benci in jira. Muryarshi tana zuwa daga nesa, tana yankewa. Ya ce sun isa. Ya ce gidan likitan fari tas, har ƙasa ana wankewa da sabulu. Ya ce likitocin sun ce jikin Yaya ya yi rauni, jininshi ya yi ƙasa, ba za su taɓa shi ba sai sun gina shi tukuna. Ya ce abincinsu ba ya ciyuwa, Yaya fura yake nema. Kowane kira in dawo in faɗa wa Inna, ta saurara ta ce, "To." Ba ta taɓa tambaya ba, ba ta taɓa ba da saƙo ba.

Da ruwa ya dawo, ya dawo da ƙarfi. Aka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa, tabkuna suka cika, kwaɗi suka hana kunne sakat, katangarmu ta yamma ta zube. Hatsi ya farfaɗo ya yi duhu ya fara ɗaukar ciki. Sauro kuma ya zo da nashi. Kusan kowane gida akwai mai kwance.

A cikin kwanakin ne na gane Inna ba ta cin abinci. Na dawo gona da wuri saboda ruwa, na tarar ta zaunar da yaran tana juye musu nata kason a ƙwaryarsu. Na ce, "Inna, ke fa?"

Ta ce, "Na ci."

"Yaushe?"

"Ke ɗiyar nan, tsoho cikinshi kaɗan ne. Je ki sauya zane kada sanyi ya kama ki."

Na dubi wuyan hannunta, ya koma kamar kara. Ban san tun yaushe take haka ba. Da zazzaɓin ya zo mata bai sami abin da zai yi kokawa da shi ba. Muka kai ta gidan likita a amalanken aro, aka sa mata ruwa, aka ba da magani. Ta ɗan farfaɗo har ta nemi kunu. Wata safiya ana yayyafi na shiga da kunun na tarar ta riga ta tafi, fuskarta tana duban bango.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Kawu Mamman ya kira ni gefe. Ya ce, "Hassiya, Ila za a gaya wa, amma ban da Nomau. Mutumin da za a buɗe wa baya ba a ɗora mishi wannan. Sai an gama." Shi da kanshi ya je telesantar ya gaya wa Ila. Ya ce yaron ya ce to, bari ya koma, Yaya na jiranshi ya juya shi.

Ana gobe aikin Ila ya kira, ya ce ga Yaya, ya matsa sai ya yi magana da ni. Ina tsaye cikin ɗan akurkin wayar, zanena a jiƙe, na ji muryar Malam siririya kamar ba tashi ba. Ya tambayi yara. Ya tambayi gona, na ce hatsi ya fid da kai. Ya ce gobe za su shiga da shi, ta haƙarƙari za su bi, in yafe mishi in akwai abin da ya yi mini. Na ce ba komai, ni ma ya yafe mini. Sannan ya ce, "Inna fa?"

Na ce, "Tana lafiya. Ta ce a gaishe ka, ta ce Allah ya ba ka lafiya."

Can ya ce, "To. Madalla." Ya miƙa wa Ila.

Aikin ya ci wuni guda. Washegari na je na zauna a bencin nan tun hantsi, sai bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Ila ya ce an cire, an sa ƙarfen, ya farka, ya gane shi. Na ce ƙafafun fa? Ya ce likita ya ce a jira. Muka jira. Kira na gaba ya ce babban yatsan dama ya motsa. Na gaba ya ce yana jin taɓi a cinya. Daga nan labarin bai ƙara gaba ba. Daga baya Ila ya gaya mini likitan ya ce lakar ta daɗe a danne, abin da ya mutu a cikinta ya mutu. Bai gaya wa yayanshi wannan ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Mu kuwa a gida muka kai ga tumu. Ranar da na gasa zangarniyar farko na murza wa yara a tafin hannu, suka ci har da ƙaiƙayin. Na yi girbi da taimakon matan unguwa, Kawu ya ɗaure mini damma. Abin da rabin gona ya bayar bai cika rumbu ba, amma ya rufe daɓen.

Sun dawo bayan an gama shigar da hatsi. Mota ta tsaya ƙofar gida da hantsi, unguwa ta taru. Ila ya fito, ya rame har na kusa rashin gane shi. Ya buɗe baya ya sunkuya, ya goyo yayanshi. Malam yana sanye da wani abu mai tauri kamar sulke daga ƙirji zuwa ƙugu, ƙafafunshi suna lilo. Mutane suna ta barka da zuwa, kowa yana kaffa-kaffa da bakinshi.

Ila ya nufi ɗakinmu da shi. Malam ya ce, "A'a. Kai ni ɗakin Inna."

Ila ya tsaya cak a tsakar gida. Ya dube ni, na dubi Kawu. Kawu ya gyara murya zai yi magana, Malam ya ce, "Kawu, bari. Na sani. Ku kai ni dai."

Aka shimfiɗa mishi tabarma a ɗakin. Ba komai ciki sai gadonta na kara da tasbaha a rataye. Da mutane suka ragu na shiga da ruwa na durƙusa. Na ce, "Malam, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ke."

Na ce ni ban faɗa ba.

Ya ce, "Kin ce ta ce a gaishe ni. Ni ne ɗanta na fari, Hassiya. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta aiko mini da gaisuwa. Da tana da rai cewa za ki yi tana nan, shi ke nan." Ya ɗan nisa. "Da sanin nan na shiga ɗakin aikin. Na so kada in farka. Sai na tuna yaron nan shi kaɗai ne a ƙasar mutane, ya zai yi da gawa."

Sannan ya rufe fuska da hannun riga. Na tashi na ja ƙofar na bar shi.

Bai sake takawa ba. Ciwon bayan ya tafi, zazzaɓin ya tafi, ya shanye magungunanshi har ƙarshe, ya ɗan yi jiki. Yakan zauna da kanshi, ya ja jiki daga ɗaki zuwa zaure. Ya koyi tufka, yana yin igiya da kaba ana saye. Da damina Ila kan ɗora shi a jaki ya kai shi gona, ya zauna a inuwa yana gyara ƙotar hauya, yana faɗa in an bar ciyawa a baya. Ila bai yi aure ba sai bayan shekaru, yarinyar da ya so tuni ta yi nata gidan. Garke kuma bai dawo ba. Ban taɓa jin ɗayansu ya tayar da maganar shukar nan da aka tsaya yi ba.

Ya ga yaran sun tasa, ƙaramar har ta shiga lakwal. Gyambon zama ne ya ci shi a ƙarshe, a wata bazara. Ya rame sosai kafin ya cika.

Ina bayan zana ina jin masu wanka. Ɗayansu ya fito ya kira Ila da liman, ya yi ƙasa da murya, amma na ji. Ya ce da suka juya shi hannunsu ya taɓa ƙarfe a ƙarƙashin fata, kawunan ƙusoshi a jere, ga kuma tabo tun daga haƙarƙari har baya. Shi bai taɓa wanke irin wannan ba. Ya halatta a binne mutum da ƙarfe a jiki?

Liman ya ce ba laifi, ba a taɓa gawa.

Ila ya ce, "Ku bar mishi abinshi. Garken gidanmu ne duka a ciki."